Tauraron da ke jikin kwabon kaka: yadda ake karanta alama a zane

Malama, saƙonki ya iso, kuma na ji daɗin tambayar. Kin ce kina koyar da Hausa a wata sakandare a nan Jos, kin kai ɗalibanki Gidan Tarihi, da kuka dawo sai gardama ta kaure a aji, wasu suna cewa kawunan Nok, tsofaffin siffofin yumɓu da aka tono a ƙasa, gumaka ne, bai kamata a kai su wurin ba. Washegari kuma wata yarinya ta zo da tsohon kwabo mai huda da ta tsinta a adudun kakarta, aka ga tauraro mai tsini shida a jiki, wani yaro ya ce ai kuɗin Yahudawa ne. Kina son sanin yadda ake gane ma'anar alama a zanen addini da na tarihi, da kuma bambancin alama da zanen da ke ba da saƙo a kaikaice. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da tarihin zane, kuma da kwabon nan zan fara, don kusan rabin amsar tana jikinsa.

Ki karɓi kwabon ki ɗora a tafin hannunki. Za ki ga huda a tsakiya, wadda iyayenmu ke zura zare su jera kuɗi. A gefe ɗaya akwai tauraron, wanda in kin duba da kyau alwatika biyu ne aka sarƙe, ɗaya ta kalli sama ɗaya ta kalli ƙasa. In na zamanin Turawa ne, a ɗaya gefen akwai kambin sarautar Ingila, kuma an rubuta darajar kuɗin da haruffan Larabci. Tun 1907 aka fara buga irin waɗannan kuɗi masu huda, anini da kwabo, daga baya aka ƙaro sisin kwabo. Kwabon da aka buga wa Tarayyar Najeriya a 1959 ma yana da tauraron, kuma an ci gaba da kashe shi har naira ta zo a 1973. Tutar Najeriya ta mulkin mallaka, daga 1914 zuwa 1960, ita ma tana ɗauke da shi, kore a cikin jan da'ira.

Daga ina ya fito? Lugga da kansa ya ba da amsa a rubuce bayan ya bar aiki. Ya ce a kan murfin wata butar tagulla mai ado ya gan shi, wadda sojoji suka kwaso lokacin da aka ci Kwantagora da yaƙi, ya burge shi, ya ɗauka. Kwantagora ta faɗi a 1901. Kin ga ke nan daga gidan sarkin Musulmi alamar ta shiga hannun Bature, ba daga wata ƙasa aka kawo mana ita ba. Malamanmu sun san ta da hatimin Annabi Sulaimana, suna zana ta a allo da laya da gefen littafi, kuma a Maroko an daɗe ana buga ta a jikin kuɗin tagulla. Yahudawa su ma sun yi amfani da ita, suna kiranta garkuwar Dawuda, amma zamanta alamar da duk duniya ke jingina musu abu ne na baya-bayan nan: taron 'yan sahayoniya na 1897, sai rawayan tauraron da 'yan Nazi suka tilasta musu maƙalawa a riga, sai tutar Isra'ila a 1948. Kakar yarinyar nan da ta sayi ƙosai da wannan kwabo ba Isra'ila take gani a jikinsa ba. Yaron da ya yi magana kuwa da idon labaran yau ya kalle shi, shi ya sa ya ga abin da ya gani.

Abin da nake so ki riƙe shi ne alama ba ta zuwa duniya da ma'anarta a rataye. Mutane ne ke haɗuwa a wani wuri, a wani zamani, su ɗora mata, kuma in suka shuɗe wasu na iya sauke waccan su ɗora tasu. Don haka duk lokacin da aka nuna mini zane aka ce me yake nufi, ba na fara da zanen. Ina tambayar wa ya yi shi, wa ya biya kuɗin aikin, a ina aka ajiye shi, su wa aka so su gani. Hausawa sun ce in ba ka san gari ba saurari daka. Dagin Arewa ma haka yake: maɗinka da magina da dukawa sun daɗe suna yin sa a riga da bango da fata, akwai ɗan'uwansa a daɓen gidajen Rumawa na da can, sai gwamnatin Sardauna ta ɗauke shi ya zama tambarin Jihar Arewa. Yau wanda ya manna shi a mota siyasa da asali yake faɗa, wanda ya ɗinka shi a wuyan riga shekara ɗari biyu da suka wuce gwaninta yake nunawa. Jinjirin wata da tauraro da muke gani a saman hasumiya ba daga zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka fito ba. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ce ta sa suka shahara har aka ɗauke su alamar Musulmi.

Wannan sauyawar ma'ana tana cikin addininmu tun fil'azal. A Suratu Nuhu an ambaci Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra. Ruwayar Ibn Abbas ta ce sunayen mutanen kirki ne, da suka mutu aka kafa musu siffofi a wuraren zamansu don tunawa, ba a bauta musu ba sai da waɗanda suka kafa suka ƙare, sani ya gushe. Siffar tana nan yadda take, masu kallonta ne suka canza. Hukuncin yin hoto da ajiye shi na malaman fiƙihu ne, a wurinsu za ki nema. Nawa aikin shi ne karatu, kuma sanin abin da wani ke nufi da zanensa bai zama yarda da shi ba, kamar yadda Alƙur'ani ya faɗi sunayen nan ba don a girmama su ba.

Sai bambancin da kika tambaya, kuma ke malamar Hausa kin riga kin san shi daga darasin adon harshe. Alama ita ce alamtarwa: abu guda ya tsaya a madadin wani, kamar tagwayen masu ga sarautar Kano, ko tuta ga waɗanda Shehu Usmanu ya ba izinin jihadi. Ɗaya ɗin kuwa doguwar siffantawa ce da aka haɗa da mutuntarwa: a ɗauki abin da ba a iya taɓawa, kamar adalci ko kwaɗayi ko mutuwa, a ba shi jiki da tufafi da kayan aiki, a saka shi cikin labari wanda kowane ɓangarensa ke da fassara. Da muka ce duniya budurwar wawa, mun yi hakan da baki. Mawaƙan wa'azi sun faɗaɗa ta, suka mai da duniya tsohuwa da ta sha lalle da kwalli tana yaudarar masu nemanta. Da za a ba mai zane wannan ya fitar, ya sa mata madubi a hannu, ya zana kaburburan mazajenta a bayanta, to an sami irin zanen da kike tambaya. Matar nan da ɗalibanki ke gani a tambarin lauyoyi da kotuna, mai ma'auni a hannu ɗaya da takobi a ɗaya, an ɗaure mata ido da ƙyalle, irinta ce. Daga Rumawa aka gaje ta, ƙyallen idon kuma daga baya ya shigo, wajen ƙarni na 16. Ma'auni shi ne auna hujja, takobi zartar da hukunci, rufe ido kada a duba fuskar mai ƙara.

Wanda ya fi kama zuciyata a wannan fanni yana birnin Siyena a Italiya. A 1338 zuwa 1339 mai zane Ambrogio Lorenzetti ya cika bango uku na ɗakin da majalisar mutum tara masu mulkin birnin ke zama. A ɓangaren mulkin kirki ga Adalci, mace a kan karaga, Hikima a samanta tana riƙe da ma'aunin. Daga kowane faranti na ma'aunin igiya ta sauko zuwa hannun wata mace mai suna Jituwa, wadda ta ɗora a cinyarta abin da kafinta ke goge katako da shi ya yi sumul. Ta murɗe igiyoyin biyu suka zama ɗaya, ta miƙa wa mutanen gari ashirin da huɗu, suna riƙe da ita a jere har ta kai hannun mai mulki. Ki tsaya nan kaɗan. Mai zanen yana cewa ikon shugaba igiya ce da ta taso daga adalci, ta bi ta hannun talakawa kafin ta iso gare shi, kuma zaman lafiya sai an goge tudu da kwari tsakanin mutane. Can gefe ga Salama cikin farar riga, ta kishingiɗa a kan sulken yaƙi da aka tuɓe, da reshen zaitun a hannu. A bango na gaba sai sakamakon: magina a saman gini, mai takalma a shagonsa, malami da ɗalibai, ana rawa a dandali, manoma na shigo da kaya ta ƙofar gari.

Bangon da ke fuskantar wannan shi ne na zalunci. Azzalumi mai ƙaho da haure a zaune, baƙin bunsuru a ƙafarsa, Kwaɗayi da Girman Kai da Alfahari suna shawagi a kansa. Adalci tana ƙasa a ɗaure, ma'auninta a karye. Gidaje na rushewa, sojoji sun kama mace, ƙauyuka na ci da wuta. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne inda aka sa zanen. Ba a kasuwa aka yi shi don a tsorata talaka ba, a ɗakin masu yanke hukunci aka yi shi, su ɗaga kai su gani kullum. Kuma Lorenzetti ya rubuta sunan kowace siffa kusa da ita, domin irin wannan zane so yake a gane shi, ba ɓoye-ɓoye yake ba. Duk wanda ya zauna a Jos tun 2001 ya kalli hoton bangon nan na biyu ba ya bukatar tafinta.

Tunda ajinki akwai Musulmi akwai Kirista, ya kamata kowa ya san haruffan ɗan'uwansa. Kiristocin farko sun yi amfani da kifi, saboda haruffan kalmar kifi a Girkanci su ne farkon kalmomin da ke bayyana imaninsu game da Yesu. Gicciye bai bazu a fili ba sai bayan Sarki Kustantin a ƙarni na 4. Kurciya Ruhu Mai Tsarki ce, ɗan rago hadaya. In kika ga dattijo riƙe da mabuɗai, Bitrus ne, daga Matiyu 16:19. Marubutan Linjila huɗu kowa da abokin tafiyarsa: Matiyu mutum, Markus zaki, Luka bijimi, Yohanna gaggafa. Wajen shekara ta 600 Fafaroma Giregori ya rubuta wa wani bishop da ya farfasa hotuna cewa hoto ga wanda bai iya karatu ba kamar littafi ne ga wanda ya iya, amma ba abin sujada ba ne. Su ma sun sha gardama a kan hoto: a daular Rum ta gabas an kwashe fiye da shekara ɗari, daga wajen 726 zuwa 843, ana farfasawa ana mayarwa. Ragowar wannan gardama tana nan garinmu. Ki shiga cocin Katolika za ki ga gicciye da siffar Yesu a jiki da hotuna goma sha huɗu na hanyar gicciye a bango. Ki shiga na ECWA ko COCIN za ki tarar da gicciye ba kowa a kansa, wanda a imaninsu yana cewa ya tashi. Alama ɗaya, karatu biyu, a unguwa guda.

Musulunci ya bi wata hanya, amma kuskure ne a ce ba shi da alama. A shekara ta 77 bayan hijira, wato wajen 697, Halifa Abdulmalik ya cire siffar mutum daga dinari ya bar rubutu zalla, kalmar shahada da aya. Wannan kansa saƙo ne ga Rumawa da ke buga fuskar sarkinsu. Ɗansa Walidu ya gina babban masallacin Dimashƙa, aka gama wajen 715, aka jera ƙananan gilasai masu launi da ruwan zinare a bango suka fitar da kogi da itatuwa da benaye, ba mutum ba dabba. Masana da yawa suna karanta shi a matsayin hoton gidajen Aljanna da ƙoramu ke gudana ƙarƙashinsu. Kusa da ke kuwa, ki duba daddumar da kike salla a kai. Sau da yawa akwai baka kamar ta mihrabi, da fitila a rataye a tsakiya. Wannan fitila tana komawa ga aya ta 35 a Suratun Nur, inda aka buga misalin haske da alkuki mai fitila a ciki, fitilar cikin ƙarau. A tsangayunmu ma launi yana magana: baƙar tawada ga baƙaƙe, ja ga wasula, rawaya ga hamza, ga kuma zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, wadda duk wanda ya hango ta daga nesa ya san yaron nan ya kai ƙarshe.

A zanen tarihi, misali ɗaya daga Binin ya isa. Fuskar hauren giwa da aka yi tambarin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata da aka yi a Legas a 1977, ta Idia ce, mahaifiyar Oba Esigie, daga farkon ƙarni na 16. Abin da ke kama da kitso a saman kanta ƙananan kawunan Turawan Fotugal ne masu gemu. Irin wannan fuska ba ɗaya ba ce: akwai a Landan, akwai a New York, kuma a ta New York an jera tarwaɗa a tsakaninsu, kifin da ke jure zama a ruwa da wajen ruwa. Fotugal ta teku suka zo da dukiya, teku kuwa a wurin mutanen Binin na abin bautarsu Olokun ne, sai aka sa baƙin suka zama ado a kan uwar sarki. Sojojin Ingila suka kwashe fuskokin a 1897, kuma da aka nemi aron ta Landan don bikin ba a samu ba, sai kwafi aka sassaƙa.

Yanzu kawunan Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono su kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna. A 1943 aka kawo wa wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wani kai daga Jama'a wanda wani ya kafa a gonar doya yana korar dabbobi da shi, kuma Fagg ɗin ne ya kafa Gidan Tarihin Jos da aka buɗe a 1952. Shekarunsu sun haura dubu biyu. In kin koma, ki sa yaran su matsa kusa su dubi ido: kusan alwatika ne, gira ta lanƙwasa a sama, ƙwayar idon huda ce da ta zarce ciki. Hanci da baki su ma a huje. Na sha jin ana cewa hudar nan ƙofar ruhi ce. Ki tambayi duk macen da ke ginin tukwane ta gaya miki abin da ke faruwa da yumɓu mai rami a ciki in aka gasa shi ba inda iska mai zafi za ta fita: fashewa yake. Da hannu aka gina kawunan nan kamar tukunya, cikinsu fanko, hudar tana taimakon gashi kuma tana ba idon rai. Mutanen Nok ba su bar rubutu ba, don haka shaidarsu ita ce ƙasar da aka tono su. Masana daga jami'ar Frankfurt da suka fara haƙa a yankin tun 2005 sun tarar da yawancinsu a farfashe, an binne gutsattsarin a ramuka, abin da ke nuna da gangan aka yi, cikin wata al'ada. Shi ya sa masu tonon sata ke ba ni takaici matuƙa: in aka zare kai daga raminsa aka sayar, an yaga shafin da za a karanta shi da shi.

Ina jan kunnenki a kan ɗora wa zane abin da ba ya ɗauke da shi, domin na taɓa yi. Ina matashi a Zariya na tsaya gaban wani gida da aka yi wa zanen taɓo a fuskar zaure, da keke a tsakiya. Na rubuta a littafina cewa ƙafafun keken juyin rayuwa ne. Da na sami tsohon maginin da ya san aikin, yana zaune yana gyara igiyar awo, ya ce mini: "Ɗana, maigidan ne ya fara sayen keke a unguwar nan, ya ce a sa masa." Keken alama ce, amma ta arziki da wayewa, kuma mai ita yana kusa, tambaya kawai ta rage. Tun ranar ba na rubuta fassara sai na nemi masu abin ko rubutun zamaninsu. Ƙadangaru da kunamu da kadojin da Ladi Kwali ke zanawa a tulunanta ma na ga an yi musu dogon sharhi, alhali abu na farko da za a faɗa shi ne adon tukwanen Gbagyi ne da ta koya tun tana yarinya, kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954.

Ga abin da zan yi da ni ne a ajinki. Ki fara da tambarin Najeriya, tunda na kowa ne: baƙar garkuwa ƙasar noma, farin layi mai rassa biyu kogunan Kwara da Binuwai da suka haɗu a Lakwaja, dawakai biyu martaba, jar gaggafa ƙarfi. Daga nan ki ce kowa ya zo da abu ɗaya daga gida, babbar riga mai aska takwas, ko allo mai zayyana, ko kalandar coci, ko faifan da aka yi wa ado, tare da amsar da wani babba a gidan ya bayar da aka tambaye shi sunan zanen da wanda ya koya masa. Mai abin ne zai fara bayani, sauran su yi tambaya bayan ya gama. A Gidan Tarihi kuma ku zarce ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, su ga yadda aka yi ado da taɓo ba tare da siffar mai rai ba.

Kwabon kuwa ki gaya wa yarinyar kada ta goge shi da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli, gogewa na cinye rubutun. Ta naɗe shi a tsumma mai tsabta, ta duba shekarar da ke jiki ta rubuta a takarda, ta tambayi kakarta abin da kwabo ɗaya ke saya a lokacin, ta haɗa su wuri guda ta ajiye.